Sanda a Bakin Ruwa

Zangon Hobas,
9 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanwata Elfriede,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da ƙafarki mai ciwo, da 'yan awakin nan goma sha ɗaya da fari ya rage mini, waɗanda na bar miki amana. Na san za ki ce me ya hana ni buga waya kamar sauran mutane. Kin san dalili: kunnenki ya yi nauyi, ni kuwa ban iya ihu ba.

Mun iso lafiya, ni da ɗana Gerson da matarsa Ndapewa da jikata Tuyeni, a cikin a-kori-kurarsa da aka danƙara wa tantuna biyu da tukwane da jarkoki. Kin tuna da farko na ƙi wannan tafiya. Shi ne ya nace, wai tun rasuwar mahaifiyarsa na zama kamar turmi a tsakar gida, dole ya fitar da ni na sha iska. Yanzu ina gode masa. Shekara saba'in da huɗu ina zaune tafiyar rabin yini daga babban kwazazzabon da ke kusa da wannan zango, ban taɓa tsayawa a bakinsa ba sai jiya. Na cire hulata.

Amma babban labari shi ne ruwa. Tun daga Keetmanshoop muke tafe a ƙarƙashin hadari, kuma ga shi yau kwana uku ana zubawa. Rafukan da muka san su da yashi tun shekara bakwai duk sun kawo. Tantina yana yoyo daidai kan fuskata, kuma ban matsar da shimfiɗata ba.

Wani ɗan saɓani ya shiga tsakanina da Ndapewa, ina so ki ji daga bakina. Da safe ta dubi sama ta ce wannan ruwa ba na alheri ba ne, gara mu juya gida. Na gaya mata, cikin natsuwa a ganina, cewa a wurinmu ba a aibata ruwa kuma ba a gudunsa, kuma wanda bai taɓa jan gawar akuya ɗari biyu zuwa rami ba bai kamata ya yi wa sama gyara ba. Na san ita 'yar arewa ce, inda ruwa ke cin gonaki, amma aure ya kawo ta cikinmu. Gerson ya so ya kashe maganar da wasa, ya ce mata, "Ke 'yar ƙasar kwaɗi, ƙyale mutanen ƙasar ƙadangaru su yi murnarsu mana." Ita kuwa ta ce, "Kwaɗo dai ya san ruwa. Ƙadangare labarinsa yake ji." Gerson ya yi dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba.

A hanya na nuna musu yadda mahaifinmu yake ƙetare rafi da amalanken jakuna. Ana kafa sanda daidai inda ruwa ya tsaya, a hura wuta, a dafa kofi, a sha a natse. In an dawo an tarar ruwa ya janye ya bar sandar, to yana sauka. Sai namiji ya shiga gaba da ƙafa, yana dogara sandar. In bai wuce gwiwa ba, abin hawa ya biyo. Mun yi haka sau biyu, mun wuce lami lafiya. Tuyeni ta ce Kaka yana karanta sanda kamar littafi, ta kuma sa na yi alkawarin koya mata.

Gobe za mu nufi Sesriem, daga nan duwatsun Naukluft. Ki gai da mutanen coci. Ki kula da jar akuyar nan, ta kusa haihuwa.

Naki yaya,
Traugott Boois

*

Gidan Fasto, Maltahohe,
16 ga Fabrairu.

Zuwa ga Elfriede,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, wanda ya bayar kuma ya karɓa. Fasto ya gaya mini an buga waya Berseba, kuma an sanar da ke. Ina rubuta wannan ne domin ki sami labarin a tsare, ba a bakin mutane ba.

Mun kwana biyu a Sesriem cikin ruwa. Itace ya jiƙe, ko burodin da ake gasawa a cikin toka ba mu iya yi ba, Tuyeni kuma ta fara tari. Ranar Talata da hantsi muka kama hanyar Naukluft. Muka iso wani rafi da ke fitowa daga matsattsen kwazazzabo. Muka tsaya, muka sha kofi. Gerson ya shiga ruwa domin ya gwada zurfinsa. Yana tsakiya sai wani sabon ruwa ya fito daga cikin kwazazzabon, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, ɗauke da itatuwa da duwatsu. Ya tafi da shi a kan idonmu.

Yau kwana uku ana nema. 'Yan sanda da ma'aikatan gandun daji da manoman yankin duk sun fito, kuma ba ni da abin da zan ce da su sai godiya. Ina bin su da ƙafa iya inda gwiwoyina suka kai ni. An tsinci takalminsa ɗaya. Ba na yaudarar kaina da cewa za a same shi da rai.

Matar Fasto ta ba Ndapewa da yarinyar ɗaki. Ndapewa ba ta kuka a gaban mutane. Tana kawo mini abinci, ta ajiye, ta fita. Tun ranar ba ta ce mini uffan ba, ni ma ban ce mata ba.

Har yanzu ana ruwa. Jiya wani manomi ya tsaya kusa da ni ya ce shekara ashirin bai ga ciyawa irin ta bana ba, sai ya tuna ko ni wane ne, ya sunkuyar da kai. Na ce masa ya faɗa, gaskiya ce.

Ki sa a share wuri kusa da kabarin mahaifiyarsa. Ki yi mini addu'a.

Yayanki,
Traugott

*

Berseba,
20 ga Fabrairu.

Yaya,

Ina gaishe ka, ina yi maka ta'aziyya, ina yi wa kaina. Yaron nan a bayana ya yi wayo. Ban san yadda zan rubuta ba, ka yi haƙuri da rubutun. Zan ba direban motar madara ya kawo maka.

Gidanka cike yake da mutane tun ranar Laraba. Ana waƙoƙi, ana dafa shayi, ana kuma magana, kuma maganar ce ta sa na ɗauki biro. Ban san wanda ya fara ba, amma yanzu duk Berseba ta yarda cewa Ndapewa ce ta tura shi. Wai ita ta matsa a ƙetare don tana sauri ta koma aikinta a Windhoek. Sanna Goliath ta ce a gabana, dama 'yan arewa ba su san rafukanmu ba, kuma da Gerson ya auri 'yar gida da yanzu yana raye. Har an fara cewa bai kamata a bar mata yarinyar ba, a dawo da ita cikin dangin ubanta. Ƙannen matarka su ne kan gaba. In matar nan ta zo jana'iza a haka, za su cinye ta ɗanya.

Ni ban ce komai ba, don ban kasance a wurin ba. Amma ina da takardunka biyu a nan, na karanta su har sun yi laushi. A ta farko ka ce ita ce ta ce a juya gida. Wadda ta ce a juya ranar Juma'a, ita ce za ta ce a faɗa ruwa ranar Talata?

Sa'an nan, Yaya, shekara talatin da biyar kana koyar da yara, ba ka taɓa rubuta takarda ka bar rami a ciki ba. Ka rubuta mini cewa kun tsaya, kun sha kofi, Gerson ya shiga. Ina sandar? Kai da ka cika mini shafi guda da labarin sanda, ranar da ta fi kowace rana ba ka ambace ta ba. Me sandar ta ce?

Ka san in an same shi, kai ne za ka tsaya a gaban akwatin ka ba da tarihinsa, tun daga haihuwa har yadda ya tafi, kamar yadda ka yi wa rabin matattun garin nan. Abin da ka faɗa ranar shi ne zai zauna. Gara in ji tun yanzu.

Jar akuyar ta haifi biyu. Ban ma san dalilin da ya sa nake gaya maka ba.

Allah ya ba mu haƙuri.

Ƙanwarka,
Elfriede

*

Gidan Fasto, Maltahohe,
24 ga Fabrairu.

Zuwa ga ƙanwata Elfriede,

Bayan gaisuwa, ina sanar da ke cewa an sami Gerson shekaranjiya. Ma'aikatan wata gona ne suka gan shi a cikin rassan itacen ƙaya, nesa ƙwarai da inda ya shiga. Ni na je na shaida shi. Ba zan bayyana miki ba. Za mu taho da shi ranar Alhamis, a yi jana'iza ranar Asabar.

Kin yi mini tambaya. Tun muna yara ke ce kaɗai ba kya tsoron yi mini tambaya, kuma sau da yawa na ji haushin haka. Ga amsa.

Da muka iso rafin, mun tarar da motoci biyu na baƙi suna juyawa. Ndapewa ta ce mu bi su mu koma zango, ko kuwa mu kafa tanti a kan tudu mu jira gobe. Ta nuna mini kan duwatsu, inda hadari ya yi baƙi ƙirin. Na ce mata baƙi suna juyawa ne domin ba su da wanda zai karanta musu ruwa. Na sauka na kafa sandata.

Bayan kofi na farko na je na duba. Ruwa ya janye kamar faɗin tafin hannu. Na dawo na faɗa da ƙarfi, domin ta ji. Ta ce, "Baba, ruwan da ke gabanmu ne ya sauka. Na kan dutse bai iso ba tukuna." Na ce mata tun kafin a haifi mahaifinta nake ƙetare rafuka. Gerson ya dube ni, ya dube ta, ya ce to a ƙara kofi ɗaya, kowa ya huce.

Suna shan na biyu na sake sauka ni kaɗai. Elfriede, ruwan ya dawo. Ya cinye tafin hannun nan, ya taɓa sandar, ya wuce ta da yatsa biyu. Launinsa ya sake, ya yi ja, kuma ga ƙananan tsinkaye da kashin awaki suna yawo a kansa. Kin san abin da mahaifinmu yake cewa: ruwan da ya sauka ya sake hawa, yayansa na tafe a baya. Ban manta ba. A wannan lokaci muryarsa na ji kamar yana tsaye a gefena.

Na waiwaya. Tana tsaye a jikin mota, tana kallona. Abin da ya rage mini shi ne in hau tudun nan, taku ashirin, in ce mata ta yi gaskiya. Na tsaya ina auna takun nan ashirin. Sai na ce wa raina yatsa biyu ne kawai, rafin ba shi da faɗi, kafin wani abu ya iso mun haye. Rafukanmu na gida a fili suke, ana hango goshin ruwa tun daga nesa, a kauce. Ban yi tunanin cewa a bakin kwazazzabo ba a hango komai ba. Wannan kuskure ne, kuma ana iya yafe wa tsoho kuskure. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne.

Na tumɓuke sandar domin kada wani ya gani. Na ɗaga murya na ce, "Yana sauka."

Na fara naɗe ƙafar wandona, domin ni na yi niyyar shiga, Allah shi ne shaidata. Gerson ya sauko da gudu yana dariya, ya ce, "Haba Baba, da waɗannan gwiwoyin? Kawo sandar. Ai ka koya mini." Ya karɓe ta daga hannuna. Ina iya riƙewa. Ina iya cewa dakata. Bakina ya riga ya faɗi magana a gaban surukata, kuma na kasa mayar da ita.

Ya kai tsakiya, ruwa iya gwiwa. Ya juyo ya ɗaga sandar sama, alamar Ndapewa ta taho da mota. Ba ta tayar da motar ba. Da ta tayar, da ita da yarinyar sun tafi tare da shi. Sai muka ji ƙara daga cikin dutse kamar jirgin ƙasa.

Ga abin da sandar ta ce. Ta faɗi gaskiya, ni na yi mata ƙarya.

Da 'yan sanda suka tambaye ni, na ce ya shiga gwada zurfi, ruwa ya zo. Babu kalmar ƙarya a ciki, kuma duk ƙarya ce. Ndapewa tana zaune a wurin, ba ta ƙara ko harafi ba. Ban san abin da ta gani ba. Ba ni da ƙarfin tambayarta.

Tuyeni ta tambaye ni jiya ko sandar ce ta yi kuskure. Na ce mata ta je ta ci abinci.

Ban yanke abin da zan faɗa ranar Asabar ba. Na zauna sau uku zan rubuta tarihinsa, kullum ina kaiwa bakin rafin sai biro ya tsaya.

Ki gafarce ni in kina iyawa.

Yayanki,
Traugott Boois

*

Berseba,
26 ga Fabrairu.

Yaya,

Gaisuwa. Na karanta. Na sake karantawa. Na sa ta a murhu, na tsaya har ta zama toka.

Ni na tambaya, kuma da na sani da ban tambaya ba. Yanzu ka saurare ni, ko sau ɗaya a rayuwarka. Ranar Asabar ka tsaya ka ce Ndapewa ba ta tura kowa ba, ita ce ma ta ce a jira. Wannan ya isa ya rufe bakin Sanna da 'yan uwanta. Ka tsaya a nan. Kada ka ambaci yatsa biyu. Ruwa ya zo, Allah ya yi ikonsa, shi ke nan.

Ka san garin nan. Za su cire ka daga dattawan coci kafin a rufe kabarin. Yaran da ka koyar za su riƙa tsallaka titi in sun hango ka. Kuma matar nan, in ta ji daga bakinka a gaban jama'a, za ta ɗauki 'yarta ta tafi arewa, ba za ka sake ganin ƙeyar Tuyeni ba har ka mutu. Ita kaɗai ta rage maka. Gaskiyar ba za ta ta da Gerson ba. Na rasa ɗa, kada ka sa in zauna ina kallon yayana yana mutuwa a tsaye.

Ni da kai da Allah muka sani. Ya isa.

Sai kun iso. Na gyara ɗakin baya saboda ita da yarinyar.

Elfriede

*

Windhoek,
21 ga Maris.

Zuwa ga Baba,

Ina gaishe ku da ladabi, ina fata kuna lafiya, ku da Gwaggo Elfriede. Ku yi haƙuri da na tafi ranar jana'iza ban yi muku sallama ba.

Da kuka tsaya a gaban akwatin kuka ce ni ce na ce a jira, na ɗauka a nan za ku tsaya. Na ga Gwaggo tana yi muku alama da hannu ku zauna. Da kuka ɗaga yatsu biyu kuka nuna wa jama'a, kuka faɗi sauran, ban iya zama a cocin ba. Na ji labarin kun ajiye kujerarku ta dattawa, kuma mutane ba sa shigowa gidan kamar da.

Baba, na gani. Daga inda nake tsaye ina hango ruwan ya kewaye gindin sandar. Na ga kun cire ta. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna sau biyu kun tsawata mini a gaban mijina, na ce bari in ga ko shi zai lura. Kafin in gama wannan tunani ya shiga. Ku kun faɗi naku a gaban gari. Ni ban faɗa wa kowa nawa ba sai ku.

Ba zan ce na yafe muku ba, domin ba na so in yi muku ƙarya. Ban yafe wa kaina ba ma. Wataƙila wata rana.

Iyayena sun ce in dawo arewa da yarinyar. Na ce musu a'a. In an yi hutun makaranta a watan Mayu zan sa ta a mota ta zo muku mako biyu. Ni ba zan zo ba tukuna. Har yanzu tana cewa kun yi mata alkawarin koya mata karatun sanda. Ku koya mata. Amma ku koya mata duka, har da abin da mutum yake yi in ya sauka ya tarar ruwan ya dawo.

Ku huta lafiya.

Surukarku,
Ndapewa